Kafson ƙurajen fuska da ake yo saƙo daga waje: abin da ba ya zuwa a cikin kwali

Saura mako bakwai a ɗaura auren 'yar wana na lura da leɓenta. Muna zaune a ɗakin mahaifiyarta a Fadaman Mada ana lissafin kuɗin anko, ita kuwa sai lasar baki take tana dangwalar basilin, leɓen ya tsattsage har gefen bakin ya soma jini. Disamba ce, hunturu ya kankama, kowa kuma ya san yadda iskar Bauchi take busar da mutum a wannan lokaci, shi ya sa babu wanda ya kawo komai a ransa. Ni ma da ban kawo ba, ba don ta sunkuya za ta yi alwala haɓo ya ɓalle mata ba.

Na ce, "Ke, zo nan. Me kike sha?"

Ta ce, "Wallahi ba komai, Goggo. Maganin fuska ne kawai, ɗan waje ne. Ƙawata ce ta haɗa ni da mai kawowa."

Ta zaro kwalin daga jaka. Rubutun jikinsa ba Turanci ba ne, ba kuma Larabci ba. Abin da na iya karantawa kawai shi ne kalmar isotretinoin da lamba 20 a gabanta. Lambar NAFDAC babu. Kafso 30 ne a ciki, ta sha 11. A gefe guda akwai ɗan hoton mace mai ciki an soke shi da jan layi. Da na nuna mata sai ta rufe fuska tana dariya, "Haba Goggo, ni da ko aure ba a ɗaura ba." Mai kawowar ta gaya mata a WhatsApp ta sha kwali biyu a jere, kafin ranar kamu fuska za ta yi sumul kamar ta jariri. Na ƙirga da yatsa. Kwali na biyu zai ƙare ne a makon da za ta tare a ɗakin mijinta.

Wannan lissafin ne ya hana ni barci a daren, domin na san ba ita kaɗai ba ce. Daga 'yan jami'a a Yelwa da Gubi, zuwa 'yan kwalejin Gwallameji, zuwa matan aure a cikin gida, maganin nan yana yawo hannu da hannu. Wata 'yar Umra ce ta riƙo mata, wata ɗan'uwanta da ke karatu a Misira ko Indiya ya aiko, wata kuma a shafin mai sayar da kayan gyaran jiki ta gani ta tura kuɗi, bayan mako biyu direba ya kira ta ta je tasha ta karɓa.

A yi wa maganin adalci tukuna. Isotretinoin, wanda aka fi sani da Accutane ko Roaccutane, magani ne na gaske, kuma a fagen ƙurajen fuska masu tsanani har yau babu na biyunsa. Kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1982. Ɗan dangin bitamin A ne. Ƙurji yana tasowa ne idan ƙofar gashi ta toshe da maiƙo da matacciyar fata, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama a ciki, wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa. Sauran magunguna kowanne yana kama ɓangare ne: wani ya buɗe ƙofar, wani ya kashe ƙwayoyin cutar. Shi kuwa tushen maiƙon yake sauka a kai, ya ƙanƙance 'yan jakunkunan da ke samar da shi a ƙarƙashin fata. Wanda ya yi shekaru yana fama da manyan ƙuraje masu zurfi masu barin rami, in ya sha shi yadda ya kamata na wata huɗu zuwa shida, sau da yawa rabuwarsa da su ke nan, ko in sun dawo su dawo da sauƙi. Saboda haka mai tallar ba ƙarya ta yi ba da ta ce yana aiki. Abin da ba ta faɗa ba, wataƙila don ita ma ba ta sani ba, shi ne kafson kansa rabin maganin ne. Ɗaya rabin shi ne tambayoyi da gwaje-gwaje da sa idon da ke tafiya tare da shi, kuma waɗannan ba sa shiga kwali.

Babbar maganar ita ce ciki. Isotretinoin yana lalata halittar ɗan tayi, kuma wannan gargaɗi ya wuce irin wanda kamfanoni ke bugawa a jikin kowane magani don kare kansu. Cikin jariran da aka haifa bayan uwa ta sha shi a farkon ciki, tsakanin kashi 20 zuwa 35 cikin 100 suna zuwa da babbar nakasa: kunne ɗan mitsitsi ko babu shi sam, zuciya mai matsala, ruwa a ƙwaƙwalwa, ganɗa a tsage. Wasu su fito lafiya a ido, sai an sa su makaranta a ga kan ba ya ɗauka. Ga ɓari kuma da yake jawowa. Ba a san wani adadi da za a ce ya yi kaɗan ba zai yi illa ba. Ɓarnar kuma tana faruwa ne a makonnin farko lokacin da gaɓoɓi ke tsirowa, sa'ad da mace wataƙila ko ɓatan wata ba ta lura ta yi ba, ballantana ta fara zuwa awo.

Duniya ta taɓa ganin irin wannan masifa da wani magani mai suna thalidomide, wanda mata masu laulayi suka sha a Turai da wasu ƙasashe daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa a Amurka, tun 2006, akwai tsari na musamman mai suna iPLEDGE saboda isotretinoin kaɗai. Likita sai ya yi rajista, kantin magani sai ya yi, mai sha ma sai ya yi. Macen da za ta iya ɗaukar ciki sai an yi mata gwajin ciki sau biyu kafin a ba ta kafso na farko, sannan a maimaita kowane wata. Sai ta bi hanyoyi biyu na hana ɗaukar ciki a lokaci guda, ko ta ƙaurace wa namiji gaba ɗaya, tun wata guda kafin ta fara har wata guda bayan ta gama. Ba a ba ta na fiye da kwana 30, kuma in ta bari kwana 7 suka wuce bayan gwajin ba ta karɓa ba, sai an sake sabo. Ƙasashen Turai ma suna da tsari mai kama da wannan. Don haka duk wadda ta ce miki daga Amurka ta yo odarsa ba tare da takardar likita ba, ɗayan biyu ne: ko ba daga can ya fito ba, ko ta bayan gida aka fitar da shi.

Yanzu a ɗora wannan a kan yadda muke rayuwa. Yaushe yarinya ta fi damuwa da fuskarta? Bayan an sa rana. Lokacin ne ake neman abin da zai yi aiki da gaggawa saboda hotuna da idon dangin miji. Amarya kuma a wurinmu ba ta shiga ɗaki da maganar tazarar haihuwa. Daga ranar da ta tare ma dangi suke soma ƙirga wata tara. To ga mai shan maganin da ke buƙatar wata guda cur kafin jiki ya rabu da shi, ga kuma daren farko. Haka mai goyon da ƙuraje suka feso mata, al'ada ba ta dawo ba tana ganin ba za ta ɗauki ciki ba, alhali maganin ko don nonon da take bayarwa bai halatta gare ta ba. Likita zai tambayi mace yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, tana da aure, yaushe ne bikin. Mai sayarwa a waya lambar asusu kawai za ta turo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in jaririn ya zo da nakasa babu wanda zai tuna da kwalin da aka jefar wata goma baya. Za a ce iska ce, ko a ɗora wa auren zumunci, ko a fara kallon wata tsohuwa a dangi. Ƙaddara gaskiya ce, amma an hore mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Akwai kuma lissafin awo, wanda shi ma ya tona asirin cinikin. Ba a ba da maganin nan da ka, da nauyin jiki ake auna shi. Yawanci ana farawa da rabin miligiram a kan kowane kilo a rana, a iya ɗagawa zuwa miligiram 1, kuma abin da likitoci suka daɗe suna nema shi ne jimillar da mutum zai sha daga farko zuwa ƙarshe ta kai miligiram 120 zuwa 150 a kan kowane kilo. 'Yar wana kilo 55 ce. In aka ɗauki mafi ƙarancin, miligiram 6,600 ke nan, wato kafso 330 na mai lamba 20. Kwali ɗaya mai kafso 30 miligiram 600 ne, bai kai ɗaya bisa goma ba. Kwali biyun da aka ce mata su ne cikakken magani ba za su raba ta da ƙurajen ba, fuska za ta bushe ta yi kyau na ɗan lokaci su dawo. Amma sun isa su nakasa jariri. An ɗauki haɗarin gaba ɗaya, amfanin kuma an samu ɗan tsakure.

Maza na iya cewa wannan duk maganar mata ce. To ga naku. Mai shan isotretinoin ba ya ba da jini, har sai ya yi wata guda da dainawa. Mu kuwa mun san yadda ake samun jini a asibitocinmu: a ce mara lafiya na buƙatar leda biyu, a bugo wa 'yan'uwa da abokai waya, samari majiya ƙarfi su yi layi. Ana gwada jinin don ƙanjamau da ciwon hanta da makamantansu, amma ba a gwada shi don wannan magani. In saurayin bai san dokar ba, kuma ta ina zai sani tunda takardar cikin kwalin da wani yare aka rubuta ta, jininsa na iya ƙarewa a jikin mai ƙaramin ciki, misali mai sikila da ake yi wa ƙari. Sai kuma ɗabi'armu ta rabon magani. "Ya yi mini aiki, ungo ragowar ki gwada." Ragowar kafson yaya a hannun ƙanwa ko matar aboki ya fi wuƙa a hannun yaro haɗari.

Bushewar leɓe kusan kowa yana samu, har likitoci kan ɗauke ta alamar mutum yana shan maganin da gaske. Ido ya bushe ya yi ja, hanci ya bushe ya yi haɓo, baya da gaɓoɓi su yi ciwo. Waɗannan ana gani. Waɗanda ba a gani su ne kitsen cikin jini da ke hauhawa da kuma hanta da ke wahala, kuma gwajin jini ne kawai ke nuna su, shi ya sa ake yin sa kafin a fara da kuma bayan an ɗan sha. Kitsen nan in ya yi yawa ƙwarai yana iya kumbura gaɓar ciki da ke samar da insulin (pancreas), ciwo mai kai mutum gadon asibiti. Ga mu kuma a yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Wasu maganin kan sa musu dundumi, gani ya ragu da dare ba zato, abin da ɗan acaɓa ko direban Bauchi zuwa Jos ya kamata ya ji tun kafin ya haɗiyi na farko. Akwai kuma rahotannin ciwon damuwa da tunanin kashe kai a tsakanin masu shan sa. Masana na ta muhawara kan ko maganin ne ko ƙurajen kansu ke jefa matashi cikin ƙunci, amma abin ya kai a 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 18 sai ma'aikatan lafiya biyu sun amince kafin a fara ba shi, kuma a riƙa tambayar halin da zuciyarsa ke ciki. A gidajenmu yarinya in ta yi shiru ta daina walwala ana gab da biki, cewa za a yi kunya ce ko jimamin rabuwa da gida.

A makonnin farko ƙurajen sukan ƙara fesowa. Masu sayarwa suna da amsa a shirye: datti ne yake fita, ki ƙara zuwa biyu a rana. Ga mai manyan ƙuraje, ƙarin nan na iya tayar da su su zama gyambo mai barin tabon da ba ya gogewa, shi ya sa likita ke farawa da kaɗan. Sai gyaran jiki. Fatar mai shan maganin tana yin laushi da rauni, ana hana ta cire gashi da abu mai ɗanko har kusan wata shida bayan ta daina. Amaryarmu kuwa an riga an biya kuɗin halawa da dilka. A manna mata halawa a fizge, fata ta biyo gashi.

Haɗin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake sayarwa a matsayin saiti: kafson Accutane da doxycycline, wanda aka fi kira doksi, a leda ɗaya, wai ɗaya na busarwa ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta. A kunne kamar hikima. A littafin likitanci kuwa an hana haɗa su ƙarara, domin kowannensu na iya ɗaga ƙarfin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, in suka haɗu abin ya fi tsanani. Alamarsa ciwon kai mai nacin tsiya, amai, gani biyu-biyu, kuma in aka yi sakaci jijiyar ido ta lalace. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ce kawai. Mai ciwon kai da amai a garinmu kuma ai an san abin da za a fara ba shi, maganin maleriya ne da na taifot. Ƙarin bitamin A da ke cikin wasu ƙwayoyin gyaran fata shi ma ba a haɗa shi da isotretinoin.

Doksi shi kaɗai ma yana da nasa sharuɗɗan. Ana shan sa da ruwa kofi guda cike, a zaune ko a tsaye, kuma ba a kwanciya sai an yi aƙalla rabin awa. A watan azumi mutum ya haɗiye shi da kurɓi ɗaya a ƙarshen sahur, ya yi sallar asuba ya koma ya miƙe, kafson ya maƙale a hanyar abinci ya ƙone wurin, a wayi gari ko yawu ba ya haɗiyuwa. Yana sa rana ta ƙona fata da wuri, ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara saboda yana ɓata haƙori. Don ƙuraje, likitoci suna ƙoƙarin kada ya wuce wata uku ko huɗu, tare da abin shafawa. Wanda ya mai da shi abincin kullum shekara guda yana koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure masa ne, ranar da ake buƙatarsa don wata cuta ya ƙi ci. Mata kuma akwai masu yo saƙon ƙwayar Diane-35, mai aiki ta hanyar sinadaran jikin mace. Tana rage ƙuraje, amma tana iya sa jini ya daskare a jijiya; a 2013 Faransa ta dakatar da sayar da ita saboda haka, daga baya aka dawo da ita da sharuɗɗa. Mai hawan jini, mai ƙiba sosai, mai ciwon ɓarin kai, mai sabon jego, duk sai an tantance.

Duk wannan bayani na yi shi ne a kan zaton abin da ke cikin kafson shi ne abin da aka rubuta a kwali. Wa ya tabbatar? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko mara inganci. Mu a nan kalmar "ɗan waje" ta zama kamar hatimin inganci, alhali da yawa daga magungunan da ke kan kantar manyan kantunanmu masu rajista su ma daga Indiya da Sin aka yi su. Bambancin yana ga hanyar da suka biyo. Wanda ya shigo ta ƙofa yana da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa tun 1993 don wannan aiki, an san wanda ya shigo da shi, in aka gano matsala a wani rukuni ana iya bin sawu a janye shi. Wanda ya shigo a cikin akwatin atamfa da turare ba shi da uba. In ya cutar da ke, wa za ki kama? Lambar waya ce, gobe a toshe ki. Ko da na gaske ne ma, kafson nan mai ne a cikin 'yar fata mai laushi, ana so a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, nesa da haske. A tuna da but ɗin mota daga Legas ko Kano a watan Afrilu, lokacin da a inuwa ma Bauchi ke dosar digiri 40, sannan kwana biyu a rumfar kwano a tasha kafin a zo karɓa.

Na shafawa sun fi sauƙin haɗari, amma su suka fi yawa a hannun mutane. Tretinoin, wanda ake kira Retin-A, yana zuwa da ƙarfi kala-kala, 0.025 da 0.05 da 0.1, mu kuma in an ba mu zaɓi mafi ƙarfi muke ɗauka, mu lafta safe da yamma. Ƙa'idarsa ɗan kaɗan ne kamar ƙwayar wake a duk fuska, da dare, a fara da tsallake kwana. Baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda ta ƙone ko ta fusata, baƙin tabo take bari, tabon kuma kan fi ƙurjin daɗewa, wata da watanni. Mai ciki ma an ce ta bar shi. Mafi muni su ne haɗe-haɗen da ake zubawa a roba babu suna, a ce sirrin wata ƙasa ne. Yawancin abin da ke sa su aiki cikin kwana uku sitiroyid ne mai ƙarfi irin su clobetasol. Yana kwantar da kumburi, fuska ta yi haske, a yi ta godiya. Bayan 'yan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro a haɓa, nankarwa ta fito, sannan wasu sababbin ƙuraje ƙanana masu kai ɗaya su rufe fuskar, waɗanda shi man ne ya haife su. In an daina fuska ta yi zafi ta yi ja, sai a koma. Ciniki ya ƙullu ke nan har illa ma sha Allahu.

Kafin duk wannan ma, wa ya ce ƙurajen balaga ne? Ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a goshi da ƙirji da baya lokacin zafi sau da yawa naman gwari ne na fata, doksi ƙara musu ƙarfi yake yi. Na gemun maza bayan aski gashi ne ke lanƙwasawa ya koma cikin fata. Na gefen goshi kan zo daga man kitso da basilin da ke gangarowa. Macen da ƙurajenta suka taru a haɓa, al'adarta na tsalle, gashi na fito mata a fuska, matsalar tana iya kasancewa a ƙwan mahaifa, kuma wannan bincike ne da ya shafi haihuwarta gaba. Hoton da aka tura a waya ba zai bambance waɗannan ba.

Ban ga laifin yaran nan gaba ɗaya ba. Likitocin fata sun yi ƙaranci a ƙasar nan, a Arewa kuma abin ya fi. Layi da tsawo, kuɗin kati da na gwaji, ga kuma manya da ke cewa ƙuraje ai ba ciwo ba ne, in kin yi aure za su tafi. Wadda ake tsokana da fuskarta tun tana aji uku na sakandare ita ta san abin da take ji. Amma hanya tana nan. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Asibitin Ƙwararru, a Azare akwai babban asibitin tarayya, Gombe ma akwai asibitin koyarwa na tarayya. Ana farawa daga sashen ganin likita na yau da kullum, in abin ya fi ƙarfinsu su tura gaba. Yawancin ƙuraje ba sa ma buƙatar kafson nan. Benzoyl peroxide da adapalene na shafawa sun ishi mutane da yawa, sai dai na farkon yana cin launin hijabi da rigar matashi, a kula. Azelaic acid yana rage ƙurji da baƙin tabo tare, kuma ana ba masu ciki. Dukkansu sai an yi mako shida zuwa takwas kafin a fara gani, wani lokaci wata uku. Ba a fafe gora ranar tafiya; mai son fuska ta yi kyau ranar biki tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa ya kamata ta fara. A kuma bambance kemis na unguwa da kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magani mai lasisin PCN, hukumar da ke kula da masu haɗa magani. Na farko doka ba ta ba shi izinin sayar da irin waɗannan magunguna ba.

Wadda ta riga ta fara sha, in tana da aure ko akwai yiwuwar ciki, ta dakata yau, ta yi gwajin ciki, ta ɗauki kwalin ta kai wa likita ya gani da idonsa. Kada kunya ta sa ta ce masa maganin fuska kawai, ta faɗi sunan da ranar da ta fara da ranar da ta sha na ƙarshe.

Mu washegari muka je, ni da ita da mahaifiyarta. Likitar ta juya kwalin ta sake juyawa, ta tambayi ranar biki, ta ja kalandar teburinta ta ƙirga. Kwana 49. Ta ce an yi sa'a, sun wuce wata gudan da ake buƙata, in dai daga yau ba a ƙara haɗiyar ko ɗaya ba. Aka ɗebi jini, aka rubuta mata abin shafawa guda biyu da man leɓe, aka ce halawa kam a haƙura da ita, lalle ya isa. A hanyar dawowa cikin Keke Napep ta yi shiru har muka wuce shataletalen Wunti, sannan ta ce, "Goggo, ƙawar tawa fa da ta haɗa ni da matar, watanta biyu da aure, kuma tare muka saya."

Na ce ta kira ta yanzu. Ta kira sau biyu ba a ɗauka ba, sai muka ce wa mai Keken ya juya da mu Nassarawa Jahun.